Abin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta koya mini game da tallafi: jawabina a taron matasan tafiyarmu

 



An nemi in yi magana a kan matasa da sana'a. Ni dai ba malamin jami'a ba ne. A Kantin Kwari na tashi, a gaban maigidana na koyi ninke atamfa da auna shadda, sai daga baya siyasa ta same ni. Saboda haka abin da na sani shi zan faɗa, wato yadda ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu take ɗaga ƙaramin ɗan kasuwa, da abin da ya kamata mu 'yan siyasa mu koya daga gare ta. Wata maganar za ta yi mana ɗaci, ku yi haƙuri da ni.

Na taɓa halartar wani rabon tallafi. An kafa rumfuna, an kira maroƙa, an jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, an ɗauki hotuna an watsa a Facebook. Wallahi kafin la'asar na ga wasu daga cikin kekunan nan a bakin titi ana cinikinsu a kan kuɗin da bai kai rabin farashinsu ba. Ban zargi yaran da suka sayar ba. An ba wanda bai taɓa taka keke ba keken ɗinki, ba shago, ba maigida, ba wanda zai dawo bayan wata guda ya tambaye shi ina aka kwana. Me kuke so ya yi da shi? Kuma kada wani ya ce wannan halin wancan ɓangaren ne. Kowace jam'iyya ta yi, mu ma mun yi.

To a kasuwa ba haka ake yi ba. Yaro zai zo gaban maigida ya yi shekaru. Zai fara da shara da aike, ya koyi bambanta kaya mai kyau da jabu, ya san kwastoman da ke zuwa daga Maraɗi da na Njamena da na Marwa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Ranar da maigida ya ga ya isa, sai ya yaye shi. Wani jari ake ba shi, wani kuma tebur ake nema masa, a riƙa ba shi kaya yana sayarwa yana kawo balas. A nan ƙungiya take shigowa. Sunansa yana cikin littafi, an san maigidansa, an san wanda ya tsaya masa. Idan ya je wajen babban dila neman kaya a kan bashi, ba takardar fili ake tambayarsa ba, tambayar ita ce wa ya san shi. Wannan shaida ita ce jarin talaka na farko, kuma babu bankin da ke bayar da ita.

Sannan akwai adashi. A ce mutum goma ne, kowa yana zuba dubu goma duk mako. Kowane mako mutum ɗaya zai kwashi dubu ɗari, ba ruwa a kai, ba cike fom. Wanda ya kwasa bai isa ya gudu ba, domin gobe a layi ɗaya za a buɗe shago, a sahu ɗaya za a yi azahar. Da kwasar adashi da yawa daga cikinmu muka tashi daga tebur muka kama shago.

Akwai kuma sulhu. Rigimar bashi, ko ta ɗan kayi-nayi da ya karɓi kaya ya yi shiru, ko ta iyakar tebur, ba a fara kai ta wajen 'yan sanda. Ofishin ƙungiya ake zuwa, dattawa su zauna, a buɗe littafi, a tsara yadda za a biya kaɗan-kaɗan. Mai kaya ya samu kuɗinsa, wanda ake bi bai rasa mutuncinsa ba, gobe a ci gaba da hulɗa. Wanda ya taɓa shiga kotu a kan bashi ya san adadin kuɗi da kwanakin da wannan zama yake tsare wa mutane.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fiye da shekara 500 ke nan. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro a ayari suke tafiya ƙarƙashin madugu, in sun isa su sauka a gidan fatoma, shi zai ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu a kan bashi. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, daga fataucin goro ya taso kafin ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Amana da tsayawa juna su suka gina kasuwancin garin nan.

Ana gane amfanin ƙungiya ne ranar masifa. Kun tuna gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, yadda mutane suka kwanta da dukiya suka wayi gari da toka. Kun tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya jiƙa diloli na atamfa da yadi. A layinmu, tun kafin wani babban mutum ya zo jaje, an zauna an rubuta sunan duk wanda abin ya shafa. An je an roƙi masu bin bashi su ɗaga ƙafa, waɗanda Allah ya tsare kayansu suka ɗebi kaya suka ba maƙwabtansu su juya. Haka aka yi a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, tiransifa kuma tana maƙalewa. Ciniki bai tsaya cak ba saboda an san juna, ana ba da kaya a jira alat. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, ƙananan 'yan kasuwa suka riƙa haɗa kayansu a mota ɗaya suna raba kuɗin.

Kuma hidimar ba ta tsaya a bakin shago ba. Daga kuɗin da membobi ke zubawa ake biyan masu gadi, ake yashe kwata kafin damina. Da azumi ana dafa abincin buɗa-baki saboda 'yan dako da baƙin da dare ya yi musu. Da salla ta gabato a tara yadi a ɗinka wa marayun unguwannin da ke kewaye. Ɗan ƙungiya ya kwanta asibiti a zaga da takarda, ya rasu a duba iyalansa, a kuma zauna a kan bashin da ya bari. Idan shekara ta zagayo a gayyato malami ya tunatar da mutane lissafin zakka, ɗaya cikin arba'in, don kada mai shago ya ce bai sani ba.

Ban ce ƙungiyoyin nan ba su da aibu ba. Wani wuri manyan diloli sun mamaye shugabanci, ɗan tebur ba ya da baki. Wani wuri an shekara ba a karanta wa membobi lissafin kuɗi ba. Ga kuma iyayenmu da ƙannenmu mata da ke sayar da atamfa da leshi daga cikin gida ta WhatsApp, suna sarin kaya a wajenmu kullum, amma babu sunansu a littafin kowa. Sai dai babbar cutar da na gani da idona, mu 'yan siyasa muke kai ta. Zaɓen ƙungiya ya zo, sai mu tsayar da namu, wancan tsagin ya tsayar da nasa, a zuba kuɗi. Wanda ya ci ya san ba 'yan kasuwa ne suka ɗora shi ba, don haka ba su yake kallo ba. Daga nan sulhu ya mutu, domin wanda ba ɗan jam'iyyar shugaba ba ne ba zai yarda da hukuncinsa ba. Adashi ya watse, rabon rumfa ya koma sai mai katin jam'iyya. Mun samu hoto da shugaban kasuwa, su kuma sun rasa inuwar da suke fakewa.

Ku tuna tushenmu. Lokacin da aka kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, su wa suka riƙe ta? Teloli ne, da ƙananan 'yan kasuwa, da masu sana'ar hannu, da malaman zaure. Malam Aminu Kano bai saye su da kyauta ba, ya tsaya ne a kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Da PRP ta karɓi mulkin Kano a 1979, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, abin da talaka bai manta ba har yau. Duk wanda ke cewa ya gaji wannan gida, to ga ma'aunin da za a auna shi da shi.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu huɗu.

Na farko, mu cire hannunmu daga zaɓen ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ko ɗan tafiyarmu ne ya tsaya, ya tsaya da sunansa da halinsa, kada ya tsaya da hularmu.

Na biyu, duk tallafin sana'a da za mu bayar nan gaba, a bi da shi ta hannun ƙungiyoyin da ke da littafi kuma suke karanta lissafi a gaban membobinsu. A ba wanda ya koyi sana'ar, wanda maigidansa ya tsaya masa, a matsayin jarin da zai dawo da shi ba tare da ruwa ba don na bayansa ya samu. Kada a tambayi kowa katin jam'iyya. A kuma sa sharaɗin cewa sai an buɗe rajista ga mata masu sana'a a gida.

Na uku, wakilanmu, daga kansila zuwa ɗan majalisa, su je su zauna da 'yan kasuwa ba a lokacin kamfen ba. Koke-koken sanannu ne: masu karɓar haraji kala-kala a kan shago ɗaya, magudanan ruwa da aka toshe da gini, hanyar da motar kashe gobara ba ta iya shiga, da wutar lantarki. Wanda ya gyara ɗaya daga cikin waɗannan ya fi wanda ya raba keke dubu.

Na huɗu naku ne, 'yan uwana matasa. Mai sana'a a cikinku ya shiga ƙungiyar sana'arsa, ya biya kuɗin mako, ya halarci taro, ya tambayi lissafi cikin ladabi. Ya yi wa kasuwancinsa rajista a hukumar CAC, ya raba aljihun shago da aljihun gida, ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ba shi da sana'a kuma, kada ya ji kunyar zama a gaban maigida. Awannin da muke ƙonawa muna zagin 'yan wancan ɓangaren a waya sun isa a koyi ɗinki ko gyaran waya.

Na san wani zai ce, idan muka taimaki wanda ba namu ba, ranar zaɓe fa? Ni abin da na gani a kasuwa shi ne, mutum ba ya manta wanda ya tsaya masa ranar da ba shi da komai. Maigidana bai taɓa tambayata wa zan zaɓa ba, amma har gobe in ya kira ni a tsakiyar dare zan tashi in je. Idan ma mutum bai zaɓe mu ba, ya dai samu abin ciyar da iyalinsa, kuma don haka muka ce mun fito.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare su daga gobara da ambaliya, ya buɗa wa matasanmu hanyar halal, ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ku yafe mini.