Jawabi Kan Haƙƙin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Ingila



Ɗana kurma ne, kuma a Ingila muke zaune. A can akwai makarantun da ake kira akademi: gwamnati ke ba su kuɗi, amma ba sa ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Wata ta ce mini babu gurbi, na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe dokar yara da iyali ta 2014 ta tanadi cewa duk makarantar da aka rubuta sunanta a takardar tsarin ilimi da lafiyar yaro, dole ta karɓe shi, ko da akademi ce. Sai da muka kai ƙaramar hukumar kotu ta musamman, sannan aka rubuta sunan. Yanzu yana aji uku, alhamdu lillahi.