Rufin Asiri da Faɗin Gaskiya a Tambayoyin Bincike na Intanet



Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi kuwa mai bincike abin da aka ɓoye a cikin nan yake nema: shan ƙwaya, satar amsa a jarrabawa, cutar da ake kunyar ambatonta. To, me ke sa mutum ya saki baki in an aiko masa da irin waɗannan tambayoyi ta intanet?

Masana sun daɗe da lura cewa hanyar tambaya tana canza amsa. A wani bincike kan samarin Amurka da mujallar Science ta buga a 1998, waɗanda suka amsa ta kwamfuta sun yarda da cewa suna allurar ƙwaya fiye da waɗanda suka cika takarda, nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne aikin Leslie John da abokanta na 2011. Sun yi wa ɗaliban Jami'ar Carnegie Mellon tambayoyi iri ɗaya, wasu a shafi mai tambarin jami'a, wasu a shafin wasa mai zanen shaiɗan. Sai ɗalibai suka fi tona kansu a shafin wasan, alhali shi ne ya kamata a fi shakka. Ashe abin da ke buɗe bakin mutum shi ne zaton ya ɓuya, ko da kuwa a fili yake.

Cire suna kuwa ba ya ɓoye kowa sosai. Latanya Sweeney ta ƙiyasta a shekarar 2000 cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa sun isa a gano kashi 87 cikin 100 na Amurkawa.

Mu duba namu. Mukan rubuta a saman tambayoyin kundin digirinmu cewa ba wanda zai san mai amsa, sannan mu nemi sashe da aji da shekaru da jihar asali. A ajin da mata uku ne kacal, wa muka ɓoye? Wani ma fom ɗinsa na Google yana karɓar adireshin imel bai kula ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa lafiya da addini cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. Saboda haka muna roƙon malamai masu duba kundi su riƙa tambayarmu dalilin kowane gurbi kafin fom ya fita.