Jawabi a Kan Wani Farin Inabi da A Ke Kira Guwe

Jawabin yau a kan wani irin inabi ne na ƙasar Turai, wanda Faransawa su ke rubuta sunansa Gouais, su faɗa Guwe. Ana ce masa fari, amma 'ya'yansa kore ne mai ratsin rawaya. Yana da yawan haihuwa, sai dai tsaminsa ya yi yawa. Mutanen can giya su ke yi da inabi, shi kuwa tasa ba ta da daraja.

A zamanin da, shi ne inabin talakawa a arewa maso gabashin Faransa da tsakiyar Turai. Masu sarauta su kan dasa wani baƙin iri mai suna Pino a gangaren tuddai masu kyau, talaka kuwa ya dasa Guwe a inda ya samu, domin ba ya barin mai shi hannu wofi. Hukuma ta sha ba da umurni a tumɓuke shi. Daga wajen 1860 kuma wani ƙwaro mai cin saiwa ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin inabi, da a ka zo sake dashe kuwa, ba a kula da Guwe ba.

To, a nan ya kamata a lura da yadda inabi ya ke yaɗuwa. Reshe a ke yanka a dasa, kamar rogo, saboda haka itacen ba ya sake hali ko bayan shekaru ɗaruruwa. Sabon iri galibi daga ƙwaya ya ke samuwa, watau sa'ad da garin furen wani ya faɗa kan furen wani. Da ya ke gonakin talakawa da na manya suna maƙwabtaka, hakanan ya yi ta faruwa ba da sanin kowa ba.

A shekarar 1999 masanan Jami'ar Kalifoniya ta Davis, tare da na Faransa, su ka gwada ƙwayoyin gado na inabi iri iri. Su ka tarar iri 16 sun fito ne daga haɗuwar Pino da Guwe. A cikinsu har da Shardone, wanda ya ke cikin fararen inabi mafi suna a duniya. Bincike na baya ya nuna Guwe ne ma uwar Shardone, watau shi ya ɗauki ƙwayar. Masana suna ganin dalilin kyan 'ya'yan shi ne iyayen biyu ba dangi na kusa ba ne. An ƙirga fiye da iri 80 da su ka fito daga gare shi.

Ba domin an ajiye 'yan itatuwansa a gonar adana iri ta Vassal, kusa da Montpellier, da irinta ba, lalle da wuya a yi wannan gwaji. Yanzu noman Guwe bai wuce 'yan gonaki ba, galibi a lardin Valais na ƙasar Suwizalan, inda su ke kiransa Gwäss, da kuma wata gona a Rutherglen ta Ostareliya.