Yaron da Tsaransa Suka Wuce Shi: Aikin Ƙwararre da Aikin Uwa



Maganata a yau a kan yaron da tsaransa ke kiran "Umma" shi kuwa sai nuni da kuka, suna kai loma baki shi abincin na zubewa daga hannunsa. Abin da aka saba gaya wa uwarsa shi ne ta yi haƙuri, ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma haƙurin nan shi ke cinye shekarun farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama abu.

Akwai alamomin da ba a jira a kansu. Jaririn da ya kai wata 9 ba ya gwaranci ko ba ya iya zama, ɗan wata 18 da bai fara tafiya ba ko bai furta kalma ko ɗaya ba, ɗan shekara 2 da bai haɗa kalma biyu ba, duk a kai su asibiti. Wanda ya iya wani abu kuma ya daina, nasa ya fi gaggawa.

Musabbaban ba baƙi ba ne a wurinmu: doguwar naƙuda da jinkirin kuka bayan haihuwa, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da tamowa. A Zamfara, gubar dalma ta 2010 ta kashe yara sama da 400, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da cire belu wurin wanzami yake warkarwa, kuma kiran yaro ɗan ruwa zalunci ne.

Kafin komai, a gwada kunne. Shawara da sanƙarau duk suna kurmantarwa, yaron da ba ya ji kuwa ba zai kwaikwayi magana ba. Ƙa'idar masana ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, amma jarirai nawa ake gwadawa a asibitin ƙauye?

Bayan nan sai ƙwararru biyu. Mai horon magana yana lura da abin da yaro ke fahimta, da yadda yake tauna da haɗiya, domin leɓe da harshen da ke ci su ne ke magana. Idan kalma ta ƙi fitowa, sai ya fara da hoto ko alamar hannu, kuma wannan ba ya hana maganar zuwa. Mai horon ayyukan yau da kullum kuwa ruwansa da riƙe cokali, saka riga, zama daidai, wasa, da yaron da ƙara ko taɓawa ke firgita shi. Dukansu a ƙarƙashin hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, suke, wadda aka kafa a 1988, sai dai 'yan kaɗan ne, yawancinsu kuma a manyan birane.

Nan ne gaɓar da nake so mu tsaya. Ko an dace da ƙwararre, sa'a ɗaya zai ga yaron a mako. Sauran lokacin yana hannun uwa da kaka da yayye. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an fara wani bincike a kan yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen kowane mako har shekara biyu, suna koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka ziyarta sun fi waɗanda ba a ziyarta ba samun kuɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba likitoci ne suka yi wannan aiki ba.

Saboda haka ƙwararren da ya shige ɗaki da yaro ya bar uwa a benci, a ganina rabin aiki ya yi. Kamata ya yi ya nuna mata ta durƙusa daidai fuskar yaron, ta ambaci sunan abin da yake kallo, ta ɗan dakata ya nema kafin ta miƙa masa kofi, ta bar shi ya cuɗa ƙullu, ya tsinci wake a faifai tana kusa don kada ya kai baki. Waya kuwa a ɗauke ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, ta yadda duk ranar rigakafi za a tambayi uwa abin da ɗanta ya iya, a rubuta a katinsa kusa da nauyinsa, a kuma tura wanda ya makara.