Rediyon Kaduna da Masu Magana a Cikinsa



Tun da aka shirya wannan lacca a kudancin kogin Kaduna, bari in fara daga Kakuri. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga kowane lardi, kowa da harshen gidansu. Hausa ce ta haɗa su, rediyo kuwa na daga cikin manyan malaman da suka koyar da ita.

Cikin 1962 gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Jihar Arewa, wato BCNN, tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Shi ne jama'a suka sani da Rediyo Talbijin Kaduna. Cikin 1978 gidan ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya.

Shirye-shiryensa sun kasu gida uku. Akwai labaru da sharhi, inda mafassara suka sha fama wajen nemo wa sababbin al'amuran mulki sunaye na Hausa. Akwai gaishe-gaishe, irin su Zaɓi Sonka, wanda ya sa magini da tela suka ɗauki alƙalami, har aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro gari-gari. Sai kuma wasan kwaikwayo, inda marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya fito da Samanja Mazan Fama. Hausar barikin da Samanja ke yi ba baƙuwa ba ce a kunnen ma'aikacin Kakuri, domin da irinta ake ciniki a ƙofar masaƙa.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo. Tashoshi suka yawaita, wayar hannu ta maye gurbin katin gaisuwa, mai sauraro ya shiga fili da bakinsa. Wannan ci gaba ne. To, amma mai gabatarwa na da yakan rubuta maganarsa, na gaba da shi ya duba, kafin ta fita. Maganar kai-tsaye kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A garin da ya ga rikicin 2000, kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabta, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu su nemi tsofaffin ma'aikatan nan tun suna raye, su ɗauki maganarsu, su rubuta.