Jawabi Kan Yaranmu Masu Larurar ADHD

 

Kowannenmu ya san yaron shago ko yaron mota da ba ya iya zama wuri ɗaya. A aike shi ya manta, ya yar da takardun kaya, ya katse ciniki tun ba a gama magana ba. Akan ce shashanci ne, a sallame shi. Wani lokaci kuwa larura ce da likitoci ke kira ADHD, wato wahalar tattara hankali da yawan garaje. Tun ƙuruciya take farawa, takan bi mutum har girma. Ba hauka ba ce, ba aljanu ba ne. Abin da ke ba mu tsoro, wanda aka yi ta kora yakan faɗa cikin damuwa, wani ma ya koma ga tiramol.

Muna da wuraren zuwa: asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, sai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai. Kada sunan wurin ya sa mu jin kunya.

In yaro ya fara zancen kashe kansa, kada mu bar shi shi kaɗai. Mu kawar da guba da makami, mu kai shi asibiti mafi kusa nan take. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce.

Wanda aka rubuta wa maganin methylphenidate kuma, ya riƙe takardar likita duk sanda zai tsallaka iyaka, domin magani ne da doka ta sa wa ido.