Lalama, Takunkumi Ko Kifar Da Gwamnati? Darasi Daga Libiya



Tambayar da aka ɗora mini yau ita ce: idan wata ƙasa ta zama abokiyar gaba, me ya kamata a yi da ita? A lallashe ta, ko a ƙaƙaba mata takunkumi, ko kuwa a kifar da gwamnatinta? Zan kafa hujja da Libiya, maƙwabciyar Nijar, domin a kanta an gwada dukan hanyoyin nan uku.

A watan Disamba na 1988 bam ya tarwatsa wani jirgin saman Amurka bisa garin Lokabi na ƙasar Sikotlan, mutum 270 suka halaka. A Satumba na 1989 wani jirgin Faransa ya tarwatse bisa hamadar Tenere cikin Nijar, mutum 170 suka rasu. Aka zargi jami'an Libiya. A 1992 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana jiragen sama shiga Libiya da fita, ya kuma hana sayar mata da makamai.

To, ku lura, takunkumin nan an bar masa ƙofar fita, watau babban sharaɗinsa shi ne Libiya ta miƙa mutum biyu da ake tuhuma kan Lokabi. Duk da haka shekara bakwai ana ja-in-ja, sai da Nelson Mandela da Sa'udiyya suka shiga tsakani. Aka amince alƙalan Sikotlan su yi shari'ar a ƙasar Holan. A 1999 aka miƙa mutanen, aka dakatar da takunkumi. A 2003 Libiya ta yarda da biyan diyyar dala biliyan 2.7, aka ɗage takunkumin ɗungum, a watan Disamba kuma Kanar Gaddafi ya watsar da shirinsa na makaman ƙare dangi. Wasu na cewa tsoron abin da ya sami Iraƙi a shekarar ne ya sa ya saduda. Lalle akwai wannan, amma fa tattaunawar sirri da Amurka tun 1999 aka soma ta.

Sa'an nan 2011 ta zo da tawaye. Kwamitin Sulhu ya ba da izinin kare fararen hula, musamman mutanen Bengazi, Nijeriya ma ta jefa ƙuri'ar amincewa. Ba na musun cewa tsoron kisan gilla gaskiya ne. Sai dai an yi watsi da shirin sulhu na Tarayyar Afirka, jiragen NATO suka yi wata bakwai suna luguden wuta, har aka kashe Gaddafi a Sirte cikin Oktoba. Me ya biyo baya? Daga 2014 ƙasar ta rabu tsakanin gwamnatoci biyu. Makamanta suka bazu cikin Sahel, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012, dubban 'yan cirani na Nijar da Nijeriya suka komo gida hannu rabbana. Babbar hasara kuwa ita ce ta amana. Koriya ta Arewa ta fito fili ta ce makomar Libiya ta tabbatar mata kada ta kuskura ta ajiye makamanta.

Saboda haka ra'ayina shi ne, takunkumi yana da amfani idan an bayyana sharaɗin ɗage shi, aka kuma bar hanyar magana a buɗe. Kifar da gwamnati daga waje kuwa rushe gini ne ba tare da magini a kusa ba. Gobe waɗansunku za su zauna a ma'aikatar harkokin waje. Duk ranar da aka kawo muku shawarar hukunta wata ƙasa, ku tambaya: me muke so ta yi, wa zai sha wahalar, kuma wa zai riƙe ƙasar idan gwamnatinta ta faɗi?

 Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.